Tawadar da ke ƙafarta

Na daɗe ina ganin cewa duk abin da aka yi wa bayani da kyau, mutane za su bi shi. Da wannan tunanin na fito jami'a, da shi kuma na raka matata asibiti, bayan sankara ta sa an cire mata nono ɗaya.

Likitar ta ce za su ɗebo tsoka daga cikinta su gina wani nonon, su ɗinke jijiyoyin jini masu sirantar zare. Idan jijiyar da ke fitar da jini ta gaza tsawo, za su yanko ƙari daga ƙafa. Ta bi jijiyar da na'ura, ta zana hanyarta da tawada daga idon sawu zuwa sama, ta ce kada a wanke. Ni na mayar da maganar Hausa, ban rage komai ba.

Da la'asar yayarta ta sauko daga trotro, motar hayar unguwar Aboabo, da kwanon tuwo. Ta ga zanen ta tsaya.

"Mijinmu, wannan fa? Ruwan alwala zai ratsa shi?"

"Zai ratsa, Yaya. Tawada ce kawai."

"A makaranta aka faɗa maka, Ticha? Gobe za a kwantar da ita, ba mu san ko za ta tashi ba, kana so ta tafi da sallah mai shakka?"

Ina da amsa. Amma kowace amsa tawa tana nufin in ce wa mace mai tsoron mutuwa ta fifita zanen likita a kan sallarta, a gaban yayar da ta raine ta. Na dubi matata ko za ta fitar da ni. Ita kuwa ta ce, "Malam, miƙo mini sabulun." Har yau ina tambayar kaina ko akwai kalmar da za ta isa. Na miƙa mata sabulun, ta wanke zanen.

Washegari, ana tsakiyar aiki, jijiyar ta gaza tsawo. Babu zane, babu lokacin jiran na'ura, sai suka tsaga ƙafar har kusa da gwiwa suna nema.

Nonon ya rayu. Ciwon ƙafar ya daɗe bai warke ba, kuma tun daga lokacin a kan kujera take sallah.