Awon Tsohuwar Ƙafar Ekade

Ranar Talata, sha uku ga Maris 1979, aka kawo Ekade ag Wantiti ɗakin shan magani na Tabelot a kan jaki, lokacin ni ke rubuta sunayen marasa lafiya. Shekararsa hamsin da huɗu, maharbin ragon dutse ne, ya faɗo a dutsen Bagzan idon sawunsa na hagu ya karye. Da aka tambaye shi ko yana jin zafi, sai ya gyara rawani ya ce a ba jakin ruwa.

Ƙashin ya ɗoru, amma a karkace. Ƙafar ta yi faɗi, diddigen ya juya ciki, wani ƙullutu ya fito a saman sawu. Bazo, abokin farautarsa na shekara ashirin, ya zo gaisuwa. Sai da suka kai kofin shayi na uku ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Karnukan nan naka huɗu sun fara tumbi, dattijo. In sanyi ya shigo ba ka iya hawa ba, ƙanena zai karɓe su. Kai kuma ga lambu can yana jiranka."

"Ni da lambu? Ka jira sanyin, mai ƙafar zalɓe."

Tun watan Yuni Ekade ya fara horar da ƙafar. Kullum bayan sallar asuba sai ya goya salka cike da ruwa ya nufi gangaren bayan gari. Makon farko iyakarsa wata farar ƙaya, taku ɗari uku daga rijiya, ya dawo yana haɗa gumi. A Agusta ya ƙara dutse a kan salkar. Saukowa ta fi ba shi wuya, don haka ya riƙa maimaita ta a kaikaice har gwiwoyinsa suka daina rawa. Kafin ƙarshen Oktoba yana kaiwa saman dutsen da hantsi. Duk wannan da tsohon takalmin taya ya yi shi, ƙafar naɗe da tsumma, ba wanda ya ga yadda ta koma.

Amma ba a bin ragon dutse da taya, tana ƙara kuma tana santsi. Takalmin farauta na fatar wuyan raƙumi ne: a jiƙa ta, mutum ya taka, a yanka bisa ƙafarsa. Tekna, matar maƙeri, ita ke yanka wa kowa. Ranar da Ekade ya je, mata ne cike da rumfarta, har da surukarsa.

"Kwance tsumman nan ka taka, Ekade," in ji Tekna.

"Ai kina da awona na da."

"Awon da na ƙafar da ne. Me kake ɓoyewa? Na ga ƙafar raƙumi, na ga ta maigidana, taka ce za ta firgita ni?"

Matan suka kwashe da dariya. Ekade ya ja rawani har ƙarƙashin ido.

"Yanka a kan na da."

"Oh ni Tekna! Ku dai kunya ce ajalinku." Ta ɗauko tsohon awon ta yanka.

Bai gwada takalmin ko sau ɗaya ba. Dutse na cin fata da sauri, kowane maharbi ajiye nasa yake sai ranar fita.

Suka fita farauta shi da Bazo ranar Alhamis, shida ga Disamba. Ƙarfi dai akwai shi, har ya bar Bazo a baya yana tsokanarsa. Wajen hantsi igiyar takalmin ta fara cin ƙullutun, diddigen kuma yana zamewa gefe yana sauka a kan dutse. Ya ci gaba da hawa. Da azahar karnuka suka tsare wani babban rago a bakin tsauni. Tsakanin Ekade da ragon falalen dutse ne mai gangara, bai fi taku talatin ba, kuma mashin farko na mai karnuka ne.

Ya ɗora ƙafa, ta sulale. Takalmin ya jiƙe da jini. Ya cire shi ya taka da tafin ƙafa, jinin ya sake zamar da shi. Yana jin haushin karnukansa suna kiransa, yana ganin ƙirjin ragon na hawa da sauka. Ya gwada na uku. Daga nan ya zauna, mashin a cinyarsa.

Bazo ya iso, ya dubi ƙafar, a karo na farko tun faɗuwar. Bai yi tsokana ba. Ya wuce ya ƙetare falalen ya soki ragon.

Washegari aka sake kawo Ekade wurinmu a kan jaki, aka yi masa ɗinki bakwai. Karnukan suka koma gidan ƙanen Bazo a makon. Ciwon bai rufe sosai ba sai bayan wata biyar, kuma Ekade bai ƙara hawa Bagzan ba. Ya yi shekara takwas yana kora raƙumin jan ruwa a lambun wansa. Ya rasu a Janairun 1988, da ciwon ƙirji.