Hancin Sarkin da Wilf Ya Goge

Shekara goma sha tara ke nan ina zama kowace Alhamis a teburin karɓar tsintuwa na gidan kayan tarihin garinmu, a Lincolnshire. Wanda garma ta tono wa wani abu sai ya kawo, in auna, in rubuta, in mayar masa. Lamba ta 4,116 a kundina ta Wilfred Tuxford ce.

Wilf direban tarakta ne, shekara arba'in yana huɗar gonakin mutane. Ga shi da tsabta. Ƙarafan linzamin dokin mahaifinsa na rataye a bangon ɗakinsa, duk Lahadi sai ya goge su sun yi ƙyalli.

Matarsa Enid ce ta tsinci wata tsabar kuɗi ta tagulla a lambun dankalinsu, shekarar da suka yi aure. Koriya ce shar, ɗauke da kan wani sarkin Rumawa. A gwangwanin maɓallai take ajiye ta. In sun yi faɗa sai ta ɗauko ta ce, "Ga kakanka nan, hanci kamar bakin garma." Kullum tana cewa za su kawo a gaya musu sunansa, aiki bai bari ba. Ta rasu a watan Fabrairu.

A watan Afrilu ya zo, sanye da kwat ɗin zuwa coci.

"Malam magatakarda, sunan mutumin nan nake so. Daga nan maƙabarta zan wuce in gaya mata."

Ya kwance hankici. Tsabar ja ce jawur, tana ƙyalli, duk ta yi rami-rami.

"Mista Tuxford, me ka yi mata?"

"Wanka! Kwana uku a ruwan lemun tsami da gishiri, sannan soson ƙarfe. Da datti zan kawo wa masu ilimi? Ai da Enid ta ci ni ɗanye."

Na daɗe ina leƙawa da gilashin ƙara girma, alhali na riga na sani. Irin wannan tsaba, in ta shekara kusan dubu biyu a ƙasa, koren ɓawon nan shi ke riƙe da fuska da rubutu. Ƙarfen ciki ya riga ya cinye. Na auna: faɗi milimita ashirin da bakwai, nauyi giram tara. A bayan tsabar akwai burbushin haruffa biyu, S da C, waɗanda sarakuna da yawa suka yi tarayya a kansu.

Na gaya masa gaskiya: fuskar da sunan sun tafi tare da koren ɓawon. Ya miƙo hannu, ya shafa tsabar da babban yatsa, ya sake shafawa.

"Hancin ma babu?"

"Babu, Mista Tuxford."

"Shekara arba'in da shida tana ajiye da shi lafiya," ya ce. "Ni wata biyu kawai."

A kundin, a gurbin sunan sarki na rubuta: ba a tantance ba. A gurbin mai tsintuwa na sa Enid Tuxford. Gurbin siffa na abin da idona ya gani ne kawai, ban taɓa karya wannan ƙa'ida ba. Ranar na rubuta: bisa shaidar mai tsintuwa, dogon hanci, kamar na mijinta.

Na karanta masa. Ya gyaɗa kai, ya naɗe hankicinsa, ya tambaye ni ƙarfe nawa motar maƙabarta ke tashi.