Idon Hagun Genzo

A unguwar Itabashi ta Tokyo, inda a da kusan kowane lungu ke da shagon haɗa madubin hangen nesa, Genzo Hanawa ya ƙare ƙuruciyarsa yana gwada su. Ba ya gwaji da rana. Ya ce da rana duk madubi gwani ne. Sai almuru yake zuwa bakin kogin Arakawa, ya ɗora wannan a idon dama, wancan a na hagu, ya nemi balbela cikin ciyayi. Wanda ya daɗe yana nuna farinta bayan rana ta faɗi, shi ya fi shigar da haske. Bambancin kaɗan ne, amma yana ganinsa.

Da tsufa ya zo, sai ya fara ƙorafi. Gilashin zamani ya lalace, komai ya koma launin ruwan shayi. Har tsohon madubinsa ya zarga. A ƙarshe ya ce ya bar zuwa kogi.

"Tsoho, ba gilashin ba ne," in ji matarsa Fumie.

"Ke da ba ki san gaban madubi da bayansa ba?"

Da ƙyar ta kai shi wurin likita aka cire masa yanar idon hagu. Na dama kuwa ya ce ba mai taɓa shi, da shi ya ci abinci.

Da idon ya warke, ta ja shi bakin kogi, ta miƙa masa madubinsa da wani sabo da ta aro a maƙwabta. Ya ɗora su kamar yadda ya saba, nasa a dama, sabon a hagu. Ta dama, duhu-duhu. Ta hagu kuwa, ga balbela fara fat, har ɗigon ruwa a bakinta.

"Sabon nan ba laifi," ya ce a hankali.

Ya musanya su. Hasken bai bi madubin ba. Yana nan a hagu.

Sannan ya sauke su, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya dubi sama, ya dubi ruwa, ya juyo ya dubi Fumie.

"Yaushe kanki ya yi fari haka?"

"Tun kana zagin gilashi."

Balbelar ta tashi. Ya bi ta da ido ɗaya har ta wuce gada.

"Fumie, likitan nan, yaushe ya ce a kawo ɗaya idon?"