Minti Uku da Sarkin Noma

A shekarar da aka ce ƙasarmu za ta tura waƙa gasar duniya, ni aka naɗa tafinta, kuma ina so a san ban nemi muƙamin ba. Taubashina ne ya ɗora mini. Makaɗin noma ne a wani ƙauye gefen Gidimuni, ɗan ƙanwar mahaifina, mai ganga ɗaya da ƴan amshi biyu da suka tsufa tare da shi. Ya ji a rediyo cewa kowace jiha za ta fitar da mawaƙi, a kai Yamai a tace, wanda ya tsira a sa shi a jirgi. Kalmar jirgin nan ita ta shiga kunnensa ta ƙi fita.

Ya iso gidana a Damagaram da gangarsa a kafaɗa, ƴan amshinsa na biye da shi.

"Bawana, tashi ka yi aiki. An ce ka yi lakwal."

"Na yi, har aji huɗu. Kai ko ƙofar ba ka sani ba."

"To yau karatun zai yi rana. Ni zan shiga jirgi, kai ka riƙe mini takalmi."

Kafin ya baro ƙauye har ya yi sallama da mutane. Ya yi wa uwargidansa alkawarin bargo daga ƙasar Turawa, ya ɗauki hoton paspor, ya gaya wa mai shayi ya fara neman wanda zai riƙa zama a gurbinsa. Saboda haka in bai hau jirgin nan ba, ba shi da fuskar komawa gida.

Muka je ofishin masu shirya abin. Komite ne na mutum biyar da suka zo daga Yamai, duka da tabarau, kamar a can ake rabawa a tasha. Shugabansu wani mushe ne, wato babban ɗan boko, mai kwat, a zafin da ko akuya ta nemi inuwa. Ya yi bayani da Faransanci mai tsawo. Na kama abin da Allah ya ba ni, sauran na cike da hankali. Doka biyu ce. Ta farko, waƙa ba za ta wuce minti uku ba, akwai fitila ja, in ta kama an gama. Ta biyu, ba a ambaton sunan kowa.

Da na fassara, taubashina ya dube ni.

"Ka tabbata haka ya ce, ko jahilcinka ne?"

"Haka ya ce."

"Waƙa ba sunan mutum? To wa ake yi wa ita?"

Na mayar wa mushen tambayar. Ya ce ana yi wa duniya ne. Taubashina ya ce shi duniya ba ta taɓa ba shi ko damin gero ba.

Duk da haka jirgi ya fi ƙarfinsa, ya yarda. Muka zauna a zaurena muna yi wa babbar waƙarsa fiɗa. Waƙar sarkin noman garinsu ce, ubangidansa, wanda yake yi wa kiɗa tun yana saurayi. A gona takan fara da hantsi, ta ƙare in an kawo fura. Muka cire sarkin noma, muka cire ubansa da kakansa, da matansa, da dokinsa, da bijimin da ya taɓa yankawa. Abin da ya rage bai kai a gaisa ba: ruwan sama, tafki, da gero. Sai da muka ƙaro wa tafkin agwagi kafin ta cika minti uku.

Kullum ina riƙe da agogo, shi yana rerawa. Da na ga bakinsa ya nufi wani suna sai in buga ƙasa da sanda. Ƴan amshi su ne suka fi wahala, don su bakinsu ya riga hankalinsu. Amma a hankali suka horu, har waƙar ta fara yi mini daɗi, abin da ban gaya masa ba har yau.

Ranar zaɓe aka cika ɗakin taro. Na ga abubuwa. Wani yaro ya zo da wando a ƙasan ɗuwawu yana nuna mu da yatsa kamar mun ci masa bashi. Wata ƙungiya ta rera waƙar haɗin kai da harsuna huɗu, ba wanda ya fahimci ko ɗaya. Juri, wato alƙalan gasar, na zaune a gaba suna shan ruwan sanyi, ɗayansu na latsa waya. Waɗannan ne za su zaɓa wa ƙasa murya.

Aka kira taubashina. Ya saki ganga, ɗakin ya yi tsit. Ya shiga ruwan sama, ya gangara tafki, ƴan amshi na biye da shi ba tuntuɓe. Mai wayar ya aje wayarsa. Mushe mai kwat yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur, na gani da idona. Na dubi agogo, an ci rabi. Na ce a raina, wannan bawa zai hau jirgi, kuma ba za mu sake shan ruwa a gidan nan ba.

Sai ƙofar baya ta buɗe. Sarkin noma ne da kansa, da babbar riga da malafa, ya biyo motar kasuwa don ya ga makaɗinsa, ya makara.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san makaɗi ba ya ganin ubangidansa ya shigo ya ci gaba da zancen agwagi. Na ga idon taubashina ya kai ƙofa, ya dawo kan juri, ya koma ƙofa. Na ɗaga sanda na buga ƙasa. Na sake bugawa. Ina! Gangar ta juya da kanta. Ya kwarara kirari, ya kira sunan, ya kira na uban, ya tono kakan daga kabari. Ƴan amshi kuwa kamar an kwance musu dabaibayi. Fitila ja ta kama ana kan doki. Aka kashe mikro, abin ƙara murya, bai ma sani ba, don shi bai taɓa buƙatarsa ba. Mutanen ƙauye da ke ɗakin suka miƙe, mata na guɗa, mushe na ɗaga hannu yana ihu da Faransancin da ban kai ajinsa ba. Sai da aka iso kan bijimi ya tsaya.

Ba sai na fassara masa hukuncin ba.

A waje, ƙarƙashin itacen bedi, sarkin noma ya same shi da faɗa.

"Kai wane irin sakarai ne? Na baro gona don in ga ka ci, ka tsaya kirana?"

Taubashina ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, da na gan ka na wuce fa?"

Tsohon ya gyara malafa, ya yi ɗan tunani. "Da ba ka ƙara kaɗa mini ba."

"To ka ji," in ji taubashina, ya juyo gare ni, kamar ni na kafa dokar.

Masu harsuna huɗu aka kai Yamai. Can ma aka zubar da su, aka ɗauki wani ɗan birni mai gashi a tsaye. Ranar gasar mun kalla a tele a shagon maƙwabcina, da la'asar. Ya fito cikin hayaƙi, yana tsalle, yana yi wa duniya waƙa. Duniya kuwa ba ta amsa ba. Da aka jera tutoci, sai da mai shagon ya sunkuya kafin ya gano tamu.

Taubashina ya koma ƙauye a motar da ta kawo ubangidansa. Mai shayi ya daɗe yana tambayarsa yaya sanyin Turai. Uwargidansa ta samu bargonta, daga kasuwar Damagaram, ni na raka shi saye. Hoton paspor ɗin yana nan a zaurena, na liƙa a bango, don in ya zo ya fara kirana bawa in nuna masa da sanda. Da damina kuwa yana can gonar sarkin noma, daga hantsi har a kawo fura.