Dokin Baffa Bai Amsa Kirana Ba

Adda, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu jikina bai saki ba. Ke zan gaya wa, don in na gaya wa Yaya Sale cewa zai yi tuwo na ci da yawa.

Kin san tun da ɓarin jikin Baffa ya shanye aka kwantar da shi asibiti, dokinsa Akawal ya rage cin abinci. Baffa da Fulatanci kawai yake masa magana, ni kuwa da na tashi a birni ban iya ba. Yaya Sale ya kafe a kan ranar kasuwa za a sayar da dokin.

To, na gan ni a wata kasuwar dabbobi, amma ƙasan duk tayil ne fari, ana jin warin magani. Dawakai a jere, babu igiya. Wata murya a lasifika tana cewa kowa ya zo ya kira nasa da harshen da dokin ya sani. Wani Babarbare ya kira da Barbarci, nasa ya fito. Wata Bayarabiya mai goyo ta kira, uku suka bi ta. Buzu ma ya tafi da nasa. Aka bar Akawal shi kaɗai.

Na ce, “Dokina.” Ko kunne bai kaɗa ba. Na ce dokinmu, na ce dokin Baffa. Na tuna da Fulatanci ke kina ce wa doki puccu, na faɗa, muryar ta ce, “Na wa?” Sauran maganar ta ƙi zuwa bakina. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai kawai na ga gadon Baffa a tsakiyar kasuwar, har da ledar ƙarin ruwa. Bakinsa yana motsi, yana son gaya mini abin da zan ce. Na sunkuya, ban ji komai ba. Na ce, “Baffa, ɗaga murya.” Bai ko dube ni ba, dokin yake kallo.

Sai kawai ga babbar mota ta ja baya, Yaya Sale yana buɗe ƙyauren. Na ruga na rungume wuyan Akawal don kada a ɗora shi, na riƙe da iya ƙarfina. Motar ta tashi, na ji daɗi doki yana hannuna. Da na waiwaya, gadon Baffa ne a bayan motar.

Nan na farka, hannuwana a ƙanƙame da filo. Na kira asibiti, suka ce yana barci.

Adda, ke da kika tashi a wajen Inna kina jin irin waɗannan abubuwa, me wannan yake nufi? In hana a sayar da dokin, ko in bar komai in tafi wajen Baffa yau?