Mikkalos Mai Cuku da Gawar Ɗansa

Mikkalos mai cuku ya shekara sittin a garinmu bai yi abin da za a rera ba. Awaki yake tatsa, yana ƙwauron gishiri, kuma duk bikin da mawaƙa ke rera labarin mazan Girka na dā, inda maƙiyi ke tausaya wa maƙiyinsa, gyangyaɗi yake yi. Dattawanmu kuwa kuka suke yi har gemu ya jiƙe. A riƙe wannan, domin a kansa hujjata take.

Shekarar da muka yi yaƙi da mutanen ƙetaren rafi saboda wata makiyaya, mutum shida suka faɗi: uku namu a gefensu, uku nasu a gefenmu. Cikin namu akwai Dorkon, ɗan Mikkalos tilo. A al'adarmu, garin da ya fara aika manzo neman gawarwakinsa ya amsa cewa an ci shi da yaƙi. Don haka dattawa suka kwana uku suna nazari, zafin bazara yana nasa aikin, suka yanke cewa mu muka yi nasara, kuma mai nasara ba ya roƙo. Na ƙetare, da yake hikimarsu ba ta gaza tamu ba, haka suka yanke.

Mikkalos ya tuna musu cewa wanda ba a binne ba kurwarsa ba ta samun masauki. Suka yaba iliminsa, suka ce ya yi haƙuri.

Rana ta huɗu da hantsi ya ɗauko ɗaya daga gawarwakin abokan gaba, ya wanke ta, ya shafe ta da man zaitun, ya lulluɓe ta da mayafi, ya ɗora a jaki ya haye rafi. A kasuwarsu ya sami uban mamacin, Tisandros maginin tukwane, wanda ake cewa mashinsa ne ya kashe Dorkon. Ya durƙusa ya rungume gwiwoyinsa, yadda mai neman alfarma ke yi.

"Sake ni, tsoho, warin bunsuru kake," in ji Tisandros. "Garinku ne ya aiko ka?"

"Garinmu yana nazari. Ga naka, na wanke shi. Ba ni nawa."

Tisandros ya ɗaga mayafin, ya ga fuskar ɗansa. Daga baya da hannunsa ya naɗe Dorkon. Suka zauna suka ci gurasa da cuku, kowa yana kukan nasa ɗan, maginin yana ƙorafin cewa cukun lami ne.

Washegari sauran iyayen suka bi sawunsa. Dattawan garuruwan biyu suka sake zama, suka gano cewa mai awaki ba manzo ba ne, saboda haka babu wanda ya roƙi kowa, nasarar kowa tana nan daram. Namu suka hukunta Mikkalos da zama a layin baya ranar biki, inda barci ya fi daɗi.

Ya rasu bayan shekara goma sha ɗaya. Tisandros na cikin masu ɗaukar makararsa. Dattawa ba su samu zuwa ba. Ranar mawaƙi ya sauka a gari, suna wurin sauraronsa.