Ranar da na wanke 'yan kwikwiyon Bature

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ina da shekara goma sha tara, da goyon 'yar wata huɗu a bayana. Muna zaune a ɗaki ɗaya a saman wani gida a unguwar Sa'alaba ta Jidda. Karatuna bai wuce na sallah ba, ga ni da tsoro, ko tari 'yata ta yi sai in kwana ina duba ta. Maigidana direba ne a gidan wani Bature injiniya, kuma iƙamarmu, wato takardar izinin zama, a hannun kamfaninsa take. In aikin ya tafi, zamanmu a Jidda ya tafi.

Da sanyi ya shigo, Baturen zai je ganin gida, sai ya damƙa wa maigidana karyarsa mai tsohon ciki. Irin masu gashi ruwan zumar nan ce, waɗanda in an harbo tsuntsu suke ɗauko shi a baki ba su huda shi ba. An riga an yi wa abokansa alkawarin 'ya'yan. A ɓoye maigidana ya hau da ita, don in maƙwabta suka ji Bahaushe na kiwon kare ba mu da sauran fuska. Ya ce mini in ta haihu kada in taɓa su, uwarsu ta san aikinta. Na ce to, amma ko kallona ta yi sai in ɗauke 'yata in kulle ƙofa.

Wata rana da hantsi maigidana yana wajen aiki ta haihu a bakin ƙofarmu, guda bakwai, makafi, jiƙe da jini. Nan nake shimfiɗa sallayata, nan nake kwantar da yarinya. Na tuna an ce abin da kare ya lasa sai an wanke shi sau bakwai har da ƙasa, ga shi kuwa ta lashe su kaf. Da ta tashi shan ruwa a lungun da muke shanya, na ja kyauren langalanga na rufe ta. Na ɗebo ruwan randa mai sanyi, na cuɗa su da ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ina ɗauraye su ina ƙirgawa. Na jera su a kan siminti su bushe, iska tana kaɗawa daga teku.

Da farko suna ta tsuwa, daga baya suka yi tsit. Shirun nan ya fi komai ba ni tsoro. Uwar ta kama kuka tana kartar kyaure kamar za ta ɓalla shi. Na taɓa ɗaya na ji shi sanyi ƙalau. A raina na ga an kori maigidana, na ga an sa mu a jirgin ruwa da ƙullin kayanmu. Ina so in buɗe mata, ina tsoron ta yi kan 'yata.

Sai na ji takun tsohuwar da ke ƙasanmu, Bahaushiyar Sudan, mai baki kamar reza. Ta dubi randa, ta dubi ƙasar, ta dube ni. Ta tambaye ni wane malami ya ce mini kwikwiyo kwano ne. Ta ce kwano ake wankewa, 'yar nan, ba mai rai ba, kuma ko ni da aka yi mini wankan jego ai da ruwan zafi aka yi. Ta ce yalla, maza in kwantar da yarinya in buɗe rigata. Da hannunta ta cusa mini huɗu a ƙirji, ta sa uku a nata, muna murza su da tsumma. Ni da ke gudun inuwar kare, ga su a inda 'yata ke shan nono. Can na ji ɗaya ya motsa. Huɗu suka farfaɗo, uku suka tafi. Da tsohuwar ta buɗe kyauren, karyar ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗauki matattun a baki, a hankali, ta kai su shimfiɗarta tana lasa.

Maigidana bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, uwar yarinya, ai na gaya miki. Da Baturen ya dawo, maigidana ya ce masa shi ne ya yi sakaci, bai ambace ni ba. Aka ɗauke shi daga tuƙi aka mai da shi dako a sito. Iƙama ta tsira, bayansa ne bai tsira ba, har ya rasu yana fama da shi.

Na gane cewa rabin sani in ya haɗu da tsoro ɓarna yake yi. 'Yan uwana mata, in an ba ku amanar mai rai, ko da wanda kuke ƙyama ne, ku tambaya kafin ku sa hannu. Wadda ta san amsar tana ƙasana, matakala goma sha biyu tsakaninmu, kunya ce kawai ta hana ni sauka.